Ƙararrawar Keken Kawu Bala

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba, a makon da aka kai Kawu Bala makwancinsa, ƙararrawar kekensa ta yi ƙara sau biyu. Ina kwance idona biyu. Keken yana kulle a ɗan ɗakin da ke jikin na Inna Kande, matarsa, makullin kuma yana aljihun babban ɗansa, Yaya Musa. Na ja mayafi na rufe har kaina.

Ku da kuka zauna a unguwarmu a Birnin Kudu kun san wannan ƙarar. Da ita Kawu yake tashin gida kullum kafin ladan ya yi kira, kuma sau biyu yake bugawa. In an ce masa ɗaya ma ta isa, sai ya ce, "Ta farko ta mai barci ce. Ta biyu ta wanda ya ji ya yi lamo."

Kawu yayan mahaifiyata ne. Daga Maruta, ƙauyenmu da ke ƙasar Gwaram, aka kawo ni gidansa don in yi sakandare, a shekarar da aka ba mu Jihar Jigawa. Ranar da na iso na tarar da shi a tsugune da gwangwanin fenti. Ashe ya daɗe da yanka wa keken lamba da langalanga, irin ta mota, to yanzu yana kankare Kano yana rubuta Jigawa. Wani maƙwabci ya tambaye shi ko gwamnati ce ta sa. Ya ce a'a, gudu yake kada keken ya ɗauka shi baƙo ne a garinsu.

Keken nan ba abin da babu a jikinsa. Akwai rediyo ɗaure da roba, da gorar shayi, da famfon hura taya, da madubai har uku. Biyu na duba baya ne, na ukun kuwa na duba ko hularsa tana nan. Da sanyi ya shigo sai ya saka wa hannayen keken safa. Bargo mai kyau guda ɗaya ne a gidan, kuma keken ake lulluɓawa, shi Kawu ya kwana cikin tsohon kwat yana rawar ɗari. Inna ta gaji ta ce masa, "Malam, ƙarfe ne fa."

Ya ce, "Shi ya sa ya fi ni jin sanyi. Taɓa shi ki ji."

A kansa yake zuwa Gwaram gaishe da mahaifiyata, komai tsananin sanyi. Ya fita da sassafe leɓe duk a fashe, ya dawo washegari yana ba da labarin motocin da ya wuce sun lalace a hanya. Wani direba ya taɓa tausaya masa wajen Zandam, ya ce ya shigo a ɗaure keken a sama. Kawu ya leƙa motar, ya ce ya yarda, amma keken ya shiga ciki, shi a ɗaure shi a saman. Direban ya ja motarsa ya bar shi. Ƙararrawar ma ta tsufa, in sanyi ya yi yawa takan maƙale, amma ya ƙi sayen sabuwa. Cewa yake ba lalacewa ta yi ba, tunani take yi.

Kananzir kuwa ba ya saya. In wuta ta ɗauke bayan magariba ina da karatu, sai ya kifa keken a tsakar gida, ya zauna a kujera 'yar tsuguno yana juya feda da hannu. Fitilar irin mai ɗan injin nan ce da ke gogar taya, sai ta haska mini littafi. In haske ya fara dushewa na san gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ni ba mai magana ba ce, sai dai in yi ɗan tari. Ya farka firgigit ya ce, "Yi sauri, Saude, injin ya tsufa." Da wannan hasken na ci jarrabawata.

To wannan keken ne ya koma abin tsoro. Washegari ƙararrawar ta sake bugawa, haka ma rana ta uku, a kan lokacinta, sau biyu. Ba wanda ya yi zancen a gidan. Mukan haɗu wajen alwala kowa yana kallon butarsa. Amma maƙwabta suna ji. Yara suka daina bi ta ƙofar gidanmu. A bakin rijiya na ji wata tana cewa dama ruwa ba ya tsami banza, mutum ya riƙa rufa wa ƙarfe bargo, ai da waɗanda yake rufawa. Mutumin da bai taɓa rasa sahun asuba ba, ga shi ana cewa yana da mutanen ɓoye.

Yaya Musa ya buɗe ɗakin sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa. Keken yana jingine cikin bargonsa kamar mutum a zaune. Ya maida ƙofa ya rufe. Da yamma ya ce ya yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa, ranar Asabar za su zo su farfasa shi, a huta da surutun mutane. Inna tana takaba, ta sunkuyar da kai.

Na san in aka farfasa keken, zancen ya tabbata ke nan. Ranar Juma'a da hantsi na daure na roƙi makullin, na ce zan ɗauko bargon in wanke. Ɗakin ya fi waje sanyi, yana warin baƙin mai da sabulun Kawu. Na yi bisimilla na yaye bargon. Madubai uku suka kalle ni lokaci guda, saura kaɗan in zura da gudu. Da na natsu na bi keken da ido a hankali, sai na ga wata siririyar waya ɗaure a kunnen ƙararrawar. Ta bi ta ƙarƙashin sirdi, ta hau bango, ta shige wani ɗan rami. Na ja ta. Ƙararrawar ta buga sau ɗaya ta yi shiru.

Bayan bangon nan gadon Inna ne. Na same ta zaune da carbi, bakin wayar yana lilo a gefen matashinta. Ashe duk shekarun nan da muke yabon Kawu da jarumtar fita cikin sanyi, daga kwance yake tashinmu. Na yi dariya har da hawaye, ita ma ta yi.

Ta ce ita ce take ja. Tun tana amarya ƙarar nan take tashinta, yanzu kuwa in ta farka ta ji gidan tsit, sai hannunta ya kai kan wayar. Kunya ce ta hana ta faɗa, kada a ce tsohuwa tana wasa da keke cikin takaba. Na gaya mata abin da ake faɗa a bakin rijiya. Nan take ta ce in kira mata Musa ta faɗa masa gaskiya. Masu ƙarafa sun zo ranar Asabar sun koma hannu wofi. Keken yana nan har yau, da lambarsa da safarsa.

Allah ya ji ƙan Kawu Bala, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda ya haskaka mini littafi, ya sa sanyin rahama kaɗai zai ji.

Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa Yaya Musa ba. Kafin in fita kiransa a ranar, na tsaya a bakin ƙofa na tambayi Inna me ya sa har da ta biyun take bugawa, tunda dai kanta take tasa. Ta ɗago ta dube ni, carbin ya tsaya a hannunta.

Ta ce, "Sau ɗaya nake ja, 'yar nan. Ta biyun na ɗauka ke ce."