Gudun da Ba Ya Hana Gaisuwa

Tarihin garinmu Tawa, in za a rubuta shi tsakani da Allah, kashi biyu ne: kafin Kawu Illa ya fara gudu, da bayan ya fara. A da, in ka ga magidanci a guje, to ko gobara ce, ko sa ya tsinke a kasuwar dabbobi. Kawu Illa, ƙanin mahaifiyata, tsohon mai raba wasiƙu a gidan waya, shi ne na farko da ya yi gudu ba a koro shi ba. Ana sallame asuba, da kaftaninsa da hularsa da takalmin roba, sai hanyar ƙauyen Kalfu.

'Yan kabu-kabu sun sha tausaya masa. "Baba, hau in kai ka!"

"Ka kai ni ina, ɗana? Ni kaina ba wurin zuwa gare ni ba."

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Na karanta amfanin motsa jiki, har na koyar da shi, a zaune. Ranar da likita ya ce hawan jini ya kama ni, in ban tashi ba zai kwantar da ni, sai na kai wa Kawu kukana. Ya dubi tumbina ya ce, "Malam, wanga karatu ba ya sauke shi. Gobe in an sallame."

Kashegari kunya ta cika ni, kada ɗalibaina su gan ni. Na ce bari in fice daga unguwarmu da wuri, na zuba a guje. Sai na ji Kawu a baya: "Ku tare shi! Ku tare mini shi!" Wayyo! Mahauta uku suka yo waje daga rumfa, ɗaya ya shaƙe mini wuyan riga.

"Baba Illa, mi ya ɗauka?"

Kawu ya iso a tsanake. Sai da ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar jikin tsohuwar wani, ina shaƙe, sannan ya ce, "Bai ɗauki komi ba. Mutum huɗu ya wuce bai ce musu an tashi lahiya ba."

Nan na karɓi dokarsa: gudun da ya hana ka gaisuwa ya fi ƙarfinka. Ka gaida mutum kana tafe, kwana, gajiya, gida, yara. In numfashi ya yanke kafin ka kai madalla, koma tafiya har ya dawo. Sabon shiga kuwa, ya yi gudu daga falwaya zuwa falwaya, ya taka ta gaba. Juma'a hutu. Da na sayo takalmin gudu mai walƙiya, ya juya shi ya ce, "Yana da kyau. Ya san hanya?"

A mako na uku cinyoyi suka yi tsami, na yi lamo a ɗaki. Kawu ya tsaya ƙofar gidana yana gudu wuri guda, yana rafka sallama, har maƙwabta suka leƙo.

"Kawu, yau ba ni iyawa!"

"Awo. Taho mu kasa tare."

Na fito. Kafin damina ta kama, likita ya auna ni, ya dubi abin awonsa, ya sake aunawa. Jini ya sauka.

Bara Kawu ya rasu bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya tarbe shi da irin fara'ar da ya tarbi bayinsa a hanya. A zaman makoki muna ta yabon juriyarsa, sai ga wata tsohuwa mai kawo tallar hura daga ƙauye. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta share ido da gefen zane.

"Allah ya gafarta ma Illa, mutumin kirki," in ji ta. "Kullum sahe yana gudu, ina tahiyata, ni ka cim mashi in wuce shi da ƙwarya bisa kai, bai taɓa yin hushi ba."