Gonar Anaig

A garinmu, duk wanda ya tashi a bakin tashar jiragen ruwa ya san Jakez Kerloc'h bai iya iyo ba, kuma ba wanda ya ɗauki hakan abin mamaki. Ubansa bai iya ba, kakansa ma haka. Masuntan da a ganinsu idan mutum ya faɗa tekun nan mai sanyi, da takalman roba da rigar ulu a jiki, iya iyo ba abin da zai ƙara masa sai tsawon wahala. Shi ya sa suke hana 'ya'yansu koyo. Abin da ya sa na Jakez ya fita daban shi ne sana'ar da ya ƙare a cikinta: fiye da rabin rayuwarsa, kai mutane iyo yake yi.

Da farko masunci ne. Da kifi ya ja baya, taru ya riƙa dawowa ba nauyi, sai matarsa Anaig ta ce su gyara jirgin babansa, Gwennili, su riƙa ɗaukar baƙin da ke zuwa hutu. Aka fitar da akwatunan kifi, aka kafa bencuna, aka liƙa tsani a baya. Duk safiya lokacin zafi sai su kwashi mutane zuwa tsibiran Glénan, a jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a wani lungu mai ruwa garau, a yi iyo, a ci burodi da man shanu mai gishiri da kifin sardin, a dawo da yamma kowa hancinsa ya yi ja.

Anaig ba 'yar bakin teku ba ce. 'Yar manomi ce daga cikin ƙasa, a tafkin bayan gidansu ta koyi iyo. Matan tasha sun daɗe suna tsegumin amaryar da ke shiga ruwa ba don neman komai ba. Ranar da wani baƙo ya fara ara mata gilashin ruwa da ɗan bututun numfashi, ta daɗe fuskarta a kife har Jakez ya fara kiran sunanta. Da ta ɗago sai ta kama tsani tana haki, ta ce, "Jakez, gona ce a ƙarƙashinmu! Gona sosai, kamar ta alkamar babana kafin ta nuna. Duk ta kwanta gefe guda, sai ta juyo ta kwanta ɗaya gefen."

"To ki yanko mana," in ji shi.

"Sauko ka gani."

"Idan na sauko, wa zai mai da ku gida?"

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Ita ta sauka da baƙi, shi ya tsaya a bakin tsani yana miƙa gilasai, yana nuna wa yara yadda ake tofa yawu a ciki don kada ya yi hazo. A hanyar komawa ta zauna kusa da sitiyari da tawul a ka, ta ba shi labarin abin da ta gani: kaguwar da ta yafa ganye a baya, ƙananan kifayen da ke tsayawa a miƙe su saje da ciyawa, da wani ɗan kifi mai kan doki da ya naɗe wutsiyarsa a jikin ganye. Jakez ya haddace su tsaf. Kafin kowa ya shiga ruwa sai ya tsaya ya zayyana musu gonar, da hannu da komai, har baƙi su ɗauka a cikinta aka haife shi. Anaig takan kau da kai tana danne dariya.

Bayan rasuwarta bai canza komai ba. Yana isa lungun, sai ya saita hasumiyar fitila da wani baƙin dutse mai tsaga, ya saki anga daidai inda ya saba saki tun farkon fitarsu da baƙi. Ya yi jawabinsa kalma bayan kalma. Sai dai a 'yan shekarun nan baƙi sukan fito su ce ruwan da daɗi, amma ba sa ambatar gonar. Wata rana wata yarinya ta ce ita yashi kawai ta gani, uwarta ta zungure ta.

"Mutanen yanzu ba su iya kallo ba," in ji Jakez. "Idonsu ya saba da waya."

'Yarsa Gwenola, wadda yanzu ita ke sauka da baƙi, ta sha ce masa, "Baba, mu ɗan matsa gaba mu jefa anga." Shi kuwa ya ce wurin uwarta ke nan, kuma muddin hannunsa na kan sitiyari nan za a tsaya. Sai ta haɗiye sauran maganar.

A bazarar da nake ba da labari, idonsa ya fara cin amanarsa. Wani tabo ne ya fito a tsakiyar ganinsa, kamar an dangwala yatsa mai toka a kan gilashi, kuma yana faɗi. Likita a birnin Quimper bai ɓoye masa ba: baɗi war haka zai ga haske da inuwa, amma ban da fuska, ban da rubutu. Jakez bai gaya wa kowa yadda ya ji ba. An dai lura ya rage faɗa, kuma yakan daɗe yana kallon abubuwa ta gefen ido kamar kaza.

Fitar ƙarshe ta shekarar ta zo a watan Satumba, baƙi 'yan kaɗan. Soazig, ƙanwar Anaig, ta biyo su da kwandon abinci. Tsohuwa ce siririya mai baki, wadda ke shiga teku kowace safiya har cikin hunturu, kuma tun ranar bikin yayarta take tsokanar Jakez ba ta gaji ba.

"Mijin yaya, ka kusa kaɗe jirgin mutane a bakin tasha. Na gani."

"Agwagwa, wa ya gayyace ki?"

"Na zo in ga ko yau ma za ka ba da labarin garin da ba ka taɓa zuwa ba."

Bai rama ba. Wannan ya sa ta ƙara dubansa.

Da suka isa, Gwenola ce ta raɗa masa cewa hasumiya ta hau kan dutse, ya saki anga. Baƙi suka jira jawabi, don an gaya musu akwai shi. Jakez ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya juya ga akwatin kaya ya ce, "Gwenola, akwai rigar robar da za ta shige ni?"

Gwenola ta juyo ta dube shi.

"Baba, me za ka yi da ita?"

"Miya zan yi da ita. Miƙo."

Sa rigar ya zama biki. Ya zura ƙafa biyu a hannun riga, ya sa ta gaba a baya, tumbinsa ya ƙi shiga. Soazig na jan zik tana cewa, "Ja numfashi, tsoho! Duk man shanun yayata ne ya taru a nan." Wani baƙo daga birnin Lyon ya kama ɗaya gefen. Ƙafafun Jakez da suka fito fili farare ne sol, kamar ba su taɓa gamuwa da rana ba, ga hannaye da wuya baƙi ƙirin da ƙuna.

Ya tofa yawu a gilashi da kansa. Ya juya baya ya taka tsanin da ya yi shekaru yana gogewa bai taɓa sauka ta kansa ba. Da ruwa ya kai masa ƙirji sai ya ambaci sunan wani waliyyi da ba a taɓa jin ya ambata ba. Soazig tuni ta faɗa, tana yawo a gefensa.

"Ciji bututun. Numfasa ta baki kamar kana minshari, ai ka iya wannan. Yanzu kifa fuska."

Ya riƙe tsani da hannu biyu, ya kifa.

Yashi ne. Fari fat, shimfiɗe, ba ganye ko ɗaya. Ya karkata kai ya duba ta gefen ido, ko tabon ne ya rufe masa. Yashi dai. Sai ya ga sarƙar angarsa kwance a ƙasa. Iska ta ɗan juya jirgin, sarƙar ta ja jiki a hankali ta share ƙasa, ƙura ta tashi. Ko'ina sawunta ne, layi bayan layi, kamar an bi da garma. Jakez bai san ƙarƙashin ruwa ba, amma ya san sarƙa, ya san yadda jirgi ke kewaya angarsa wuni guda. Ba sai an yi masa bayanin abin da ya cinye gonar ba.

Ya ɗago, ya tofar da bututun.

"Tun yaushe?"

Gwenola ta durƙusa a bakin tsani. "Gonar ta daɗe tana ja da baya, Baba. Ba mu kaɗai ba ne, jirage da yawa suna tsayawa a nan. Na so in faɗa maka."

"Amma mu ne kullum."

Ba ta ce a'a ba.

Ya tsaya a ruwa yana rawar sanyi. Ya sa ƙafa a matakin sama zai hau. Soazig ta kama masa gwiwar hannu.

"Ina za ka? Gonar ba ta mutu ba, gudunka ta yi. Tana can, inda sarƙarka ba ta kai. Daga nan zuwa farin tulun can da ke yawo a kan ruwa."

Jakez ya dubi inda ta nuna. A ƙasa, tafiyar da ba ta kai daga ƙofar gidansa zuwa shagon burodi ba ce.

"A matsa da jirgin," in ji shi.

"Ka je ka sake jefa mata ƙarfe a ka? Saki tsanin."

"Soazig, babana..."

"Babanka ya rasu a kan gadonsa yana faɗa da rediyo. Yayata ta roƙe ka har ta gaji, ni ba roƙo na iya ba. Baɗi ko ka saki, me za ka gani?"

Ita kaɗai ce a garin za ta iya faɗa masa wannan. Gwenola ta sunkuyar da kai, ta zuro tayar ceto. Suka tura masa ita ƙarƙashin ƙirji. Hannun hagu ya saki. Na dama ya ƙi, sai da Soazig ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya tana ce masa kaguwa. Daga nan ta riƙe wuyan hannunsa ta ja shi kamar buhu.

Da farko ba abin da yake ji sai numfashinsa, mai ƙara kamar zuga-zugi. Ruwa ya shiga bututun, ya shaƙe, ya yi tari, ya zagi Soazig da danginta, ya sake kifawa. Yashi na wucewa a ƙasa. Sai ga ganye ɗaya, shi kaɗai. Sai tsiraru. Sai ƙasa ta yi duhu gaba ɗaya, ta koma kore.

Tabon idonsa yana nan a tsakiya, amma gonar ta fi shi faɗi, ta kewaye shi ta ko'ina. Dogayen ganye sirara, sun kwanta gefe guda, suka ɗan dakata, suka juyo tare suka kwanta ɗaya gefen. Hasken rana na yawo a kansu kamar raga. Ya ga kifayen da ke tsayawa a miƙe, daidai yadda ya sha faɗa wa baƙi, har ya yi dariya ruwa ya sake shigar masa. Bai ga mai kan doki ba. Amma ya ga wani abu da babu shi a jawabinsa: kowane ganye ɗauke yake da ƙananan ƙwayoyin iska masu ƙyalli, suna saki ɗaya-ɗaya suna hawowa, wasu har su taɓa masa gilashi. Kuma wurin ba shiru ba ne. Akwai wata ƙara siririya, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana soya abu a ɗaki na nesa.

Daga baya Soazig ta ce ba ta san lokacin da ta saki hannunsa ba. Ta dai waiga ta gan shi shi kaɗai a kan taya, hannaye a buɗe, ba ya motsi, ruwa na kai shi yana dawo da shi tare da ciyawar.

Sai da leɓunansa suka yi shuɗi suka jawo shi. A kan jirgi aka lulluɓe shi da barguna, Gwenola ta riƙe masa kofin gahawa. Baƙi suka kewaye shi. Soazig na yanka burodi tana shafa man shanu da kauri.

"To, mijin yaya? Yaya garin?"

Haƙoransa na haɗuwa ya ce, "Yayarki ba ta iya ba da labari ba. Ba ta taɓa gaya mini gonar tana da ƙara ba."

"Ta bar maka ne ka ji da kanka, sarkin taurin kai."

Ya kurɓi gahawa. Can ya ce wa Gwenola idan za ta ɗaga anga ta kai jirgin daidai kan angar tukuna, ta ɗago ta a miƙe, kada ta ja. Baɗi kuma ta nemi a ba ta irin tulun nan na kan ruwa da ake ɗaure jirgi a jikinsa, ta bar ƙarfen a gida.

Yanzu Gwenola ce ke tuƙa Gwennili. Jakez yakan bi su ranar da teku ta kwanta, ya zauna inda Anaig ke zama, kusa da sitiyari. Ba ya gane fuskoki, amma har yau shi ke yin jawabi. Ya yi gajere fiye da na da. Yakan ce musu su yi iyo su wuce farin yashin, kada su tsaya a nan, aikin angarsa ne. Idan sun kai kore su daina bugun ƙafa, su kasa kunne.