Jar Da'ira a Kusurwar Kati

Kafin mai shara ta gama da baranda, ya iso. Zai leƙa ɗakin magani, ya duba firijin allurai, sannan ya zauna, jan biro a aljihun gaba. Shekara talatin da ɗaya ke nan shugaban ƙaramin asibitinmu yana haka, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Jan Biro yake ce masa. Duk majinyacin da wani magani ya taɓa yi wa illa, sai ya zana jar da'ira a kusurwar katinsa, ya rubuta sunan maganin a ciki.

Da aka kawo kwamfuta, masu kwafe bayanai suka shigar da suna da shekaru da cuta, suka ce a kwashe katunan a ƙone. Ya gyara tabarau, ya ƙura wa allon ido.

"Ina jar da'irar?"

"Ranka ya daɗe, ai babu gurbinta. Mun ɗauka ado ne."

"To, ko kati ɗaya ba zai bar ɗakin nan ba."

Aka yi ta tsegumi, wai tsoho ya ƙi zamani. Har da bakina a ciki, kuma ina jin kunya har yau. Ashe shi ne ya kafe sai da aka buɗe gurbin gargaɗi a na'urar. Wata bakwai, da an tashi aiki, zai zauna yana shigar da da'irorin da yatsa guda, kamar kaza tana tsintar tsaba.

Babbar nas takan tsokane shi: "Yallaɓai, yatsun nan goma ne fa."

"Sauran sun riga ni ritaya," in ji shi.

Bara aka kawo wata mai ɗinki ranga-ranga, ba baki, ba kati. Wata sabuwar nas ta riga ta zuƙi allura, ta buga sunan matar da 'yan rakiya suka faɗa, sai allo ya yi jawur. Irin allurar ce ta kusa kashe matar shekara tara baya. Nas ta ajiye sirinji.

Mai Jan Biro, kai ne ka karɓi sabo ba ka zubar da amanar tsoho ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma shugabannin asibitoci, kafin ku tafa wa na'ura ko ku kushe ta, ku zauna ku binciki abin da aka manta a faɗa mata.

Jibi zai ajiye aiki. Rigar da zai saka ranar, matar nan ce ta ɗinka masa.