Yatsun Habu Biyu

Ni ɗan mahauta ne, haifaffen Anguwan Rogo. Tun ina ƙarami nake bin mahaifina mayanka, wato Abattoir, kafin in kai ashirin kuwa ba wanda ya kai ni saurin fiɗa a layinmu. Aibina ɗaya, zuciya. Ko a gida lallaɓa ni ake yi.

Da sanyin Jos na fake na fara shan sigari. Daga nan wiwi, daga nan maganin tari da muke juyewa a kwalbar lemo don kada a gane. Wai don ƙarin ƙarfin aiki. Ƙarfi bai ƙaru ba, zafin kai ne ya ƙaru.

Wata safiya, a shekarun da wayar hannu ta fara yawa a gari, muka yi cacar baki da Habu, abokin aikina, a kan wa zai fara tarar ruwa a famfo. Famfo fa! Ya ture bokitina, ni kuwa ga wuƙa a hannu. Ban san sanda na kai masa sara ba. Ya tare da hannun dama, yatsu biyu suka tashi daga aiki har abada. Alƙali ya yanke mini shekara uku.

A gidan yari na sha wuyar rashin kayan maye, jiki na rawa, barci ya ƙi. Akwai wata dattijuwa, tsohuwar nas, da ke zuwa duk Laraba tana zama da mu matasa. Madam muke ce mata. Ran nan ta tambaye ni, “Kai, a ina fushi yake fara kama ka?”

Na ce, “A zuciya mana.”

Ta ce, “A'a, yarona, a jiki. Je ka duba, ka kawo mini amsa.”

A raina na ce matar nan ba ta da aikin yi. Amma da aka yi rigima wajen rabon abinci, sai na lura kunnuwana ne ke fara ɗaukar zafi. Da na faɗa mata ta ce, “To, in kunne ya yi zafi, ajiye abin da ke hannunka ka zauna a ƙasa. Ko a ina ne.” Malamin da ke mana karatu ma ya ce haka addini ya koyar.

Da na fito, sarkin fawa ya ce ba ni ba wuƙa sai bayan shekara, in je in wanke tumbi. In kuma na sake faɗa ko sau ɗaya, na bar Abattoir ke nan. Ni kuwa ban iya wata sana'a ba. Na daure, shekara ta cika, aka mayar mini da wuƙata.

A makon da aka mayar mini da ita, Habu ya zo ya tsaya a kaina. Ya daina fiɗa saboda hannun, kayan ciki yake sayarwa. Ya ɗaga murya ya ce, “Oga ɗan ƙwaya, an dawo da kai ka ƙarasa sauran ukun?”

Kunnuwana suka ɗau wuta. Na ɗora wuƙar a kan tebur, na zauna daɓas a ƙasa, cikin ruwa da jini. Mahauta suka fashe da dariya. Wallahi na ji kunya. Habu bai yi dariya ba, ya dube ni ya wuce. Sai da aka yi watanni kafin ya amsa sallamata.

Yau alhamdu lillahi ina da teburina, ina da iyali, na rabu da kwalba. Ina cikin rufin asiri kuma ina jin daɗin rayuwata. Amma ku samari, kada ku jira sai an kulle ku kafin ku san inda fushinku ke farawa, kuma duk wanda ya miƙo muku kwalbar nan ku ce a'a tun ta farko. Ni na gama zaman gidan yarina. Habu kuwa kullum da safe in muka gaisa, ina jin yatsun nan biyu a sandare cikin tafina.