Bakhita Mai Tare Iska

A unguwar Ard al-Liwa Bakhita Fadl ta taso, 'yar Hausawan Sudan. Mahaifinta gyaran keke yake yi a wani lungu, ita kuwa ta koyi hawa ne da kekunan mutane kafin masu su su zo karɓa. Tana da shekara ashirin da uku wata ƙungiyar mata masu tseren keke ta ɗauke ta.

Ba don ta ci gasa aka ɗauke ta ba. Aikinta ta shiga gaba ta tare iska, sauran su laɓe a bayanta, domin Eman, gwanarsu a gudun ƙarshe, ta adana ƙarfinta. Karɓa-karɓa suke yi ita da ƙawarta Awadiyya: ta gaba in ta gaji sai ta kaɗa gwiwar hannu, ta baya ta wuce.

Da azumi Awadiyya ta rasu, zazzaɓin kwana huɗu.

Bayan wata biyu aka yi tsere a hanyar Sukhna. Rana tsaka, iska na bugowa ta gaba haɗe da yashi. Saura kilomita goma sha biyar ƙafafun Bakhita suka mutu. Ta kaɗa gwiwar hannu bisa sabo, sannan ta tuna babu mai karɓarta.

Sai iskar ta ɗauke mata. A gefen titi ledoji na ta tashi, amma ko gefen rigarta bai motsa ba. Gabanta babu kowa sai kwalta, duk da haka tana jin ƙarar sarƙar keke, da wani ɗan busasshen tari da ta sani sarai. Tsikar jikinta ta tashi. Ta yi a'uziyya, ta ci gaba da taka feda.

"Yalla, Bakhita, kar ki sassauta!" Eman ta ƙwala mata daga baya.

Haka ta ja su har mita ɗari ukun ƙarshe. Eman ta zo ta biyu.

Ana cikin murna Eman ta janye ta gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yar'uwa, tun daga gada nake jin kina cewa, 'Sannu, ɗan rage gudu.' Da wa kike?"

Bakhita ba ta san ta yi magana ba. Ta kurɓi ruwa.

Ta ƙarasa tseren shekarar, daga nan ta ajiye tsere. Yanzu safiyar Juma'a take koya wa matan unguwa hawan keke. Sau biyu kocin ƙungiyar, Isam, yana zuwa har gida roƙon ta dawo, tana ce masa, "Ma'alish, koci, khalas," wato ya yi haƙuri, ta gama.