Zubin Dalma a Bayan Gidanmu na Catford

Maigidana ya yi shekaru yana gyaran motocin bas a wani gareji da ke kudancin Landan, ni kuma ina aikin jinya a asibiti. Gidanmu na Catford yana da wani siririn fili a baya, da ɗan ɗakin katako a ƙarshensa. Na so in shuka alayyafo da tattasai a wurin. Shi kuwa murhu ya gina.

Abin ya samo asali ne daga Jos. Kawunsa mai zubin tukunya ne, kuma a gabansa ya girma, yana ganin yadda ake narka dalma a zuba cikin yashi ta fito tukunya ko ludayi. Da ya shiga kanikanci sai ya bar wannan, bai sake waiwayarsa ba har gashinsa ya fara fari. Wani abokin aikinsa Bature, wanda ya kusa ritaya, shi ya kai shi wani ƙaramin filin jirgi a bayan gari, inda wasu dattawa ke haɗa ƙananan jirage da hannunsu, masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Baturen yana haɗa nasa, da injin tsohuwar mota da yake son mayarwa na jirgi, amma akwai sassan da babu inda ake sayar da su. Maigidana ya duba zanen, ya ce zai iya zuba su.

Ranar ya dawo gida yana magana kamar saurayi. Na ce masa tukunya daban, abin da zai ɗaga mutum sama daban. Ya yi dariya ya ce duk yashi ne da wuta.

Da tsohuwar tukunyar gas ya yi murhun. Ya yanke kanta, ya shafe cikinta da simintin da ke jure zafi. Dalmar kuwa daga matattun injuna yake samo ta, domin ya ce ta gwangwanin lemo ba ta da ƙwari. Sai ya sassaƙa siffar abin da yake so da katako, ya danna ta cikin akwatin yashi mai laima da ya cakuɗa da yumɓu, ya zare ta a hankali ta bar gurbinta. Cikin wannan gurbi ake zuba narkakkiyar dalma. Rariyata ta tankaɗe ta ɓata a kicin, na same ta a wurinsa yana tankaɗe yashi. Ban karɓe ta ba, na sayi wata.

Ranar Asabar yake zubi, idan ba a ruwa. Ya sha gaya min cewa ɗigon ruwa guda a cikin narkakkiyar dalma ya isa ya watsa ta a fuskar mutum, don haka nakan tsaya daga ƙofar kicin ina kallo. Yana sanye da safar fata har gwiwar hannu, ya ɗago kaskon narkin da dogon awartaki, ya kwashe dattin da ya taso sama, ya zuba a tsanake ba tare da ya yanke ba. Yaranmu sukan leƙo ta taga, su faɗi wata magana da Turanci, su koma kan wayoyinsu. Ya so ƙwarai ɗayansu ya koya. Bai matsa musu ba, su ma ba su nema ba.

Abin da ya fara zubawa shi ne marfin bawul, wanda ke rufe saman injin, ya fito sumul. Daga nan ya shiga babban aikin, wato bututun da ke raba iska da mai zuwa cikin injin. Yana da lanƙwasa da rami a ciki, ya sha wahalarsa. Wani ya fito da giɓi, wani ya tsage wajen hucewa. Duk wanda ya lalace sai ya farfasa shi ya mayar cikin wuta. Da ya samu wanda ya gamsar da shi, ya kawo shi falo ya ajiye kan tebur, har baƙin da suka biyo mu daga coci sai da ya nuna musu.

Amma a ƙasar nan ba a ɗora abu a jirgi sai mai dubawa ya amince. Aka kai bututun aka ɗauki hotonsa, irin hoton ƙashi da muke yi wa marasa lafiya. Maigidana ya kawo min hoton, na ɗaga shi a hasken taga. Ko ni da ba sana'ata ba na ga ɗige-ɗige a cikin ƙarfen. Kumfar iska ce ta maƙale lokacin zubi. Mai dubawar ya yi masa magana cikin mutunci, ya ce aikin yana da kyau a ido, amma girgizar inji za ta iya tsaga shi a sama. Maigidana bai yi gardama ba. Ya koma ya koyi yadda ake fitar da iska daga narkakkiyar dalma, ya sauya hanyar da take bi ta shiga gurbin, ya rage wuta. Kowane sabon hoto ya fi na baya tsabta.

Ana cikin haka na lura hannunsa na dama yana rawa idan ya ajiye shi kan cinya. Aikina ne, na san abin da nake gani. Muka je wurin likita, aka tabbatar ciwon jijiya ne mai sa rawar jiki, aka ba shi magani. Ya ci gaba da zubi har wata Asabar da kaskon ya karkace a hannunsa, dalma ta zube kan ƙasa dab da takalminsa, ciyawa ta kama hayaƙi. Ya kashe gas, ya zauna kan bulo ya daɗe. Da na je kusa da shi ya ɗago kai.

"Maman yara, shi ke nan. Hannun ya ƙi."

Na ce ko ni in riƙe masa awartakin. Ya ce ba zai sa ni gaban wannan wuta ba.

Bayan ya yi ritaya muka koma flat a Woolwich, gidan da ba a hawa matakala, saboda hawa bene ya fara yi masa wuya. Murhun da akwatunan yashin ya ba dattawan filin jirgin. Baturen ya kai zanen bututun wani kamfani aka ƙera masa da na'ura. Ranar da jirgin zai fara tashi ya kira mu, babban ɗanmu ya kai mu a mota.

Kafin a tayar da injin, Baturen ya buɗe gaban jirgin ya nuna mana marafan bawul guda biyu. Su kaɗai suka rage cikin duk abin da maigidana ya zuba, su kuma an amince da su. Maigidana ya ɗora tafinsa a kan ɗaya. Ɗanmu ya tambaye shi, da Hausarsa mai tsami, ko da gaske shi ya yi wannan a bayan gidanmu. Ya ce eh. Yaron ya durƙusa yana duba su, yana ta tambayoyin da ban taɓa jin ya yi ba a duk shekarun da murhun ke ci a ƙarƙashin tagarsa.

Jirgin ya tashi, ya zagaya, ya sauka lafiya. Aka yi wa maigidana tayin a ɗauke shi wani lokaci, ya yi godiya, amma bai sake komawa filin ba.

Muka kamo hanyar dawowa har muka shigo gari. Muna tsaye a danja maigidana ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Saura kaɗan fa. Da na fara da wuri, da na gama bututun nan."

Na san gaskiya ya faɗa, don na ga hoton ƙarshe. Sai na riƙe hannun nan mai rawa har muka iso gida.