Farin Layin da Baba Bai Gani Ba

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallar bara, mu uku ne a shagon ɗiyata Hadiza da ke Isa, inda take buga wa mutane takardu: ni, da ita, da Malam Nasiru mai gyara, wanda ya zo a babur daga Sabon Birni. Kwamfutarta ce ta ƙi tashi har kwana huɗu. In an danna, sai fanka ta ɗan juya ta tsaya. Ni fura na kai mata, amma ban iya ganin ana buɗe cikin abu in wuce. Na ja kujera na zauna.

Malam Nasiru ya ciro wani akwatin ƙarfe, ya ce shi ke raba wa kwamfuta wuta. Bai taɓa komai a ciki ba sai da ya jona ƙwan lantarki ya zuƙe sauran wutar, ya ce takan kwanta a nan ko an zare waya, kuma tana iya jefar da ƙato. Sannan ya nuna wa Hadiza wasu 'yan ganguna uku, kafasita ya kira su. Kawunansu sun kumbura, ɗaya har ta yi dalala ta bushe. Ya narkar da dalmar ƙafafunsu, ya cire su, ya ɗauko sababbi. Yana cikin sa ta biyu yana hira da Hadiza, na ce, "Malam, dubi farin layin nan. Ka juya ta."

Ya duba, ya gyara, ya ɗago. "Inna, ina kika koyi wannan?"

Na ce ya yi aikinsa. Amsar tana da tsawo, kuma warin dalma ya riga ya mayar da ni wani wuri.

Ubana maƙeri ne, a wani ƙauye kusa da Turba. Maƙerarmu rumfar kara ce a ƙofar gida, gindin wata aduwa. Maza biyu da aka haifa bayana sun koma tun suna goye, don haka ni ke yi masa zuga, mutanen gari kuma suka kawar da kai. Amma zuga ba ta ɗauke mini aikin cikin gida ba. Da asuba in bi 'yan mata rijiya da tulu, in dawo in taya Inna surfe, in kora awaki bakin fadama. Da damina in kai fura gona, ina ratsa geron da ya fi ni tsawo, raɓa tana jiƙa mini zane. Sa'o'ina suna carafke a inuwar rumbu, su kira ni, in ce ina zuwa, in zarce maƙera. Sun sa mini suna Mai Toka, don ba a raba girata da ita. Ban damu ba. Na fi son in ga ƙarfe ya yi ja, Baba ya ɗora shi a uwar maƙera, ya fito da kalme ko lauje daga abin da wani ya yar.

Gyaran rediyo a cin rani ya koyo shi, wurin wani mutumin Maraɗi. Ya ƙera wa kansa ɗan siririn ƙarfe mai bakin jan gaci, yana sa shi a garwashi ya narkar da dalma. Matattun rediyoyi yana tara su a wata tsohuwar kwalla, daga nan yake ciro abin da zai raya wata. 'Yan gangunan nan kwandansa yake ce musu, kuma ya sha gaya wa masu kallo, ba ni ba, cewa kowace tana da gaba da baya, layin da ke jikinta shi ke nunawa. Ni ina zuga, ina ji.

Ina wajen shekara goma na lura idonsa yana tafiya. Ya zuba ruwa ya sauka gefen moɗa. Ya kai ƙusa har kusa da hancinsa. Wani fari-fari ya fara hawa ƙwayar idonsa kamar an ɗiga nono a rijiya. Aikin ƙarfe bai gagare shi ba, hannunsa ya san hanya, amma ƙananan abubuwan rediyo sun fara ɓace masa. Na gaya wa Inna a gindin turmi, ta ɗaga taɓarya ta tsaya. Ta ce, "In gari ya ji, wa zai kawo mishi aiki? Da mi za mu ci? Ki rufe bakinki." Ta ƙara da abin da ta saba faɗa, "Kuma ɗiya mace ba ta gyara wa ubanta magana gaban maza."

Na rufe bakina, na buɗe idona. Kullum kafin ya fito, in jera masa kayansa, kowane a mazauninsa: awartaki a dama, dalma a tsakiya, masaba a hagu. In ƙusa ta faɗi, in yi kamar ina shara, in tura ta ƙarƙashin yatsansa. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma haka. Muka shekara muna wannan ɓoyo.

Sai wata ranar bazara, ana jiran ruwan shuka, rumfa cike da manoma masu jiran a koɗa musu kalme, Agali Buzu ya durƙusar da raƙuminsa gindin aduwa. Falken kanwa ne, ba kasuwar da ba ya ci daga Burkusuma har Isa, kuma tsakanin Buzaye da maƙera akwai wasa.

"Ina bawana maƙeri? Taso ka yi wa ubangidanka aiki!"

"Ku ɗaure awakinku, jama'a," in ji Baba, "ɓarawo ya iso."

Aka yi dariya. Agali ya sauke wata babbar rediyo mai cin kaset, da batirin mota da yake kunna ta da shi. Ya ce ta daina magana sai gurnani. Baba ya buɗe, ya bi cikinta da yatsa, ya taɓo babbar ganga guda da gindinta ya kumbura ya fitar da farin gari kamar kanwa. Da taɓi ya gane ta, ya cire ta tsaf. Ya laluba kwalla ya zaɓo mai girmanta, ya zura ƙafafunta a ramukan.

Daga inda nake zuga na ga layin. Juye yake.

Na yi tari. Na saki zugazugi na kama. Na duba ko zan yi dabarar shara, amma wannan ba ƙusa ba ce da za a tura da tsintsiya. Maza fiye da goma ne a rumfar, ga baƙo mai bakin da ya kai kasuwa bakwai. Maganar tana maƙogwarona, muryar Inna tana kunnena. Ina kallo Baba ya ɗauko ƙarfe daga garwashi ya liƙe ta da kyau, aiki mai tsabta, a juye.

Aka jona batir. Rediyo ta yi shiru na ɗan lokaci, sai wani tsaki, sai fau! Hayaƙi ya tashi mai warin ruɓaɓɓen kifi, 'yan tarkace kamar auduga suka watsu. Baba ya zabura, gwiwarsa ta ture faifan kayan aiki, duk jerin da na yi ya tarwatse.

Na ga amawalin rawanin da ya rufe bakin Agali ya motsa, zai saki tsokanar da ya saba. Sai Baba ya miƙa hannu dama neman awartaki, ba ya nan. Yana gabansa, tazarar taki ɗaya, kowa yana ganinsa. Ya shafa ƙasa, ya shafa, har yatsunsa suka doshi ƙarfen dalma mai zafi, na yi wuf na janye shi. Agali ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalminsa. Da ya yi dariya da ya fi sauƙi. Buzu ya ga maƙeri ya kasa, ya yi shiru: kowa a rumfar ya san tausayi ne, Baba ma ya sani.

Baba ya daɗe zaune, hannuwansa bisa gwiwa. Sannan ya ce, "Ramatu."

"Na'am, Baba."

"Mi kinka gani?"

"Juye take, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka liƙa."

"Kinka yi shiru."

Ya juya wajen mutanen ya ce, "To, kun gani. Yanar ido ta rufe mini gani, shekara guda ke nan. Wanda ke son kalmenai shi ɗauka, ba laifi." Mutum uku suka tashi, suka zari nasu, suka ce za su dawo. Har yau na san sunayensu, kuma ba su dawo ba.

Baba ya ce in kawo kwalla. Na zaɓo wata, na duba alamar da ke jikin allon, na zura ƙafafun daidai. Na kama wuyan hannunsa na kai bakin ƙarfen inda ya dace, shi kuma ya saki dalma gwargwado, ɗigo biyu. Aka jona. Wata murya ta fito tana Faransanci, tas, ba gurnani.

Agali ya saurara, ya gyara zama, ya ce, "Ashe! Dama ɗiyar ce maƙeriya, wanga tsoho gadi kawai yake yi. Shekara nawa kana cin sunan yarinya, bawana?"

Baba ya yi dariya har da tari, ya ce ya kwashe tsiyarsa ya bar masa rumfa.

Da la'asar, Inna tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Da kin yi magana, kin kunyata shi. Kinka yi shiru, kin tona shi. Ban san wanne zan ce ki yi ba." Ban taɓa jin Inna ta ce ba ta sani ba sai ranar.

Shekara huɗu Baba ya ƙara yana aiki kafin duhun ya rufe gaba ɗaya. Yanzu ana kai tsofaffi Sakkwato, a cire musu irin wannan yanar da safe, kwana biyu su dawo suna zura zare a allura. Na raka mutum biyu da kaina, kuma kowane zuwa sai na tsaya a bakin ƙofar ina lissafa shekarun da suka rage masa ya riski wannan zamani. Aduwar an sare ta, wurin rumfar shagon cajin waya ne. Ba gyaran nake kewa ba. Zaman nake kewa.

Washegarin ranar Agali, na dawo daga rijiya na ajiye tulu, ban jira an aike ni ba. Na ɗauki 'yar tabarmata, na wuce gurbin zuga, na shimfiɗa ta dab da hannun daman Baba, inda mutane za su gan ni. Ya ji motsina, bai juyo ba. Ya ɗan matsa ya ba ni wuri, ya miƙo tafin hannunsa a buɗe, na sa masa awartaki.